Dalma a Cikin Maganin Basir

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kwantar da ni kuma ya tashe ni da ƙafafuna. Sunana Attahiru, mutumin Aliero ne ni. Noman albasa na gada, shi nake yi har gobe. Na gama firamare, shi ya sa nake iya riƙe biro, ko da yake yanzu riƙon sai a hankali. Abin da zan faɗa ya same ni ne a bazarar farko bayan an yanke mana jiharmu daga Sakkwato. Na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, don ciwon da ya jawo komai ciwo ne da magidanci ba ya son a sani. Amma har yau ina ganin mutane suna sayen irin abin da na saya, sai na ce gara ni in ji kunya.

Basir ne ya dame ni. Duk wanda ya yi tsugunno a fangalin albasa tun safe har la'asar ya san halinsa. Wata ranar kasuwar Jega, bayan na sauke buhunana, na bi ta rumfar Baba Ummaru mai magani. Dattijo ne mai mutunci, tun mahaifina na da rai wurinsa muke sayen saiwoyi. Na yi masa bayani ƙasa-ƙasa. Ya ɗauko wani gari ja, ja irin na ruwan goro, mai nauyi a hannu fiye da yadda ido ke zato. Ya ce sabon haɗi ne, in riƙa zuba kan cokali a kunu safe da yamma.

Ban faɗa wa matata Kulu ba. Na ɓoye ƙullin a aljihun wata tsohuwar riga da ke rataye a zaure. In ta kawo kunu sai in ce zafi nake ji, zan sha a waje. Gaskiya kuma ita ce, da farko na ji kamar basir ɗin ya lafa. Da ƙullin ya ƙare na koma na sayo biyu.

Wajen wata biyu ina sha kafin jikina ya fara magana. Abin da na fara lura da shi ɗanɗanon bakina ne, kamar na wuni ina tsotson tsohuwar ƙusa. Tuwo ya daina yi mini daɗi. Cikina ya ɗaure, sai in yi kwana uku, huɗu, ban zaga ba. Ni kuwa da wautata na ce basir ne ke kokawa da magani, sai na ƙara yawan abin da nake zubawa. A satin nan na yi wa Kulu tsawa a kan gishirin miya. Shekara ashirin muna tare ban taɓa ɗaga mata murya a kan abinci ba. Ta tsaya ta dube ni, ta ɗauke kwanon.

A sati na biyu ciki ya fara murɗa. Ina juya albasa a rumbu da tsakar rana, sai na ji kamar an ɗaure mini hanji da igiya ana ja. Na durƙusa a nan, sai maƙwabtan gona suka kai ni gida a kan amalanke. Wani mai kemis ya ce tsutsar ciki ce, ya ba ni ƙwayoyi. Da ba su yi ba ya ce taifot ne, ya yi mini allurai. Ba na ganin laifinsa sosai. Ya tambaye ni ko ina shan wani abu, na ce a'a.

Sati na uku na 'yan dubiya ne. Gwaggona Ige, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Alelu da ƙunshin turare da gorar rubutu. Tun daga ƙofa ta fara.

"Ni na hwaɗi tun da ninka ji albasar bana ta yi. Wanga ba ciwon Allah da Annabi na ba, hannu na. Wa kaka gaba da shi, Attahiru?"

Na ce, "Gwaggo, ban da abokin gaba."

Ta ce, "Kai ka cewa haka. Su sun san kansu."

Wani ya ce shawara ce, a dafa mini sabara. Wani ya ce iska na taka a fadama. Wani abokina Bafillace da ke kiwo wajen Liba bai faɗi ra'ayinsa ba, sai dai duk bayan kwana biyu ya aiko da ƙwaryar kindirmo. Shi kaɗai cikina ke karɓa. Kulu kuwa kowa ya kawo nasa sai ta amsa da hannu biyu ta yi godiya. Rubutu ta ba ni na sha, sauran ta jera a ƙarƙashin gado. Ina gode wa dukkansu, don ƙauna ce ta kawo su. Sai dai surutun ya yi yawa ga mai ciwon kai, kuma babu ɗaya da ya ce a tafi asibiti.

A sati na huɗu ne hannuna ya mutu. Na ɗauki buta zan yi alwalar azahar, sai ta suɓuce. Na sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Na ɗaga hannun dama na duba, sai na ga tafin ya lanƙwashe daga wuyan hannu yana reto kamar ganyen albasar da ta kwana biyu ba ruwa. Na umarce shi ya miƙe, ya ƙi. A nan tsoro ya shige ni. Manomi ne ni, ba ni da wani abin ci da iyali sai hannun nan.

Kulu ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta aika Maiyama aka kira ƙaninta Bashiru, malamin kimiyya a wata makarantar sakandare a can. Ta sa aka fasa rumbun albasar da na ajiye ina jiran ta yi daraja da damina, aka kai kasuwa a lokacin da kowa ke kai tasa. Na yi ƙorafi. Ta ce, "Malam, albasa ana shuka wata. Tashi mu tahi."

Asibitin birni ya cika maƙil. Jiha sabuwa ce, mutanen da a da suke wucewa Sakkwato duk sun juyo nan, likitoci kuwa ba su ƙaru ba. Ranar farko a layin kati muka ƙare. Ni ina kwance a kan tabarma a gindin dogon yaro, Bashiru na tsaye a layi cikin rana, Kulu na yi mini fifita da gefen mayafinta. Muka sauka gidan wani ɗan garinmu. Kashegari aka ɗebi jinina, aka ce mu jira. Sai bayan la'asar muka shiga wurin likita.

Saurayi ne, da alama bai zauna ba tun safe, amma bai yi mana gaggawa ba. Ya ja fatar idona ya ce jini ya yi ƙasa ƙwarai. Ya danna cikina. Ya ɗaga hannun nan ya sake shi ya faɗi. Sai ya ce in buɗe baki. Ya ɗaga leɓena na sama, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira Kulu.

"Hajiya, matso ki gani. Kin ga wannan zanen shuɗi-shuɗi a bakin dasashi, inda ya haɗu da haƙori?"

Ta ce ta gani.

Ya juyo gare ni. "Malam Attahiru, kana gyaran batirin mota? Kana fenti? Kana narka dalma?"

Na ce a'a, albasa nake nomawa.

"To me kake sha? Kowane iri ne, na gida ko na kasuwa."

Na ce, "Ba komi, likita, sai rubutu."

Sai na ji Kulu na kwance bakin zanenta. Ta ajiye ƙullin jan garin nan a kan teburin likita.

"Likita, shina shan wanga. Cikin aljihun riga ninka gane shi da niz zo wanki. Ban san tun yaushe ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ashe ta sani tun kwana biyar, ta ɗauke ƙulli ɗaya ta bar ni ina laluben aljihu. Ba ta dube ni ba, ni ma ban iya dubanta ba.

Likita ya auna ƙullin a tafinsa. Ya ce yana zargin dalma ce a ciki, irin wadda ake liƙe tukunya da ita, kuma ita ke cin jinina tana kashe jijiyar hannuna. Maganarsa da ta zauna mini ita ce, "Maganinka na farko shi ne ka daina sha. Wannan ba ni zan ba ka shi ba, kai za ka ba kanka." Ya ce akwai allurar da ke janye ƙarfe daga jini, amma tana da ƙarfi, tana wahalar da ƙoda, ba ya son ya yi ta a kan zato. Na'urar da ke auna dalma kuwa babu ita a nan, sai an aika nesa a jira makonni.

Bashiru ya ce, "Likita, in ka yarda a ba ni kaɗan daga garin nan. Ba zan iya hwaɗa maka yawanta ba, amma in tana ciki da yawa zan gane ta gobe."

Aka ba ni gado. Kashegari da hantsi sai ga Bashiru daga Maiyama da 'yar kwalba a aljihu. A gindinta wani abu ya kwanta, ruwan ɗorawa. Ya ce wannan launin shi ne shaidar akwai dalma. Likita ya ɗaga ta a haske, ya tambaye shi yadda ya yi, ya gyaɗa kai, ya rubuta takarda. Allurar ba ta samu a garin ba, sai da Bashiru ya je Sakkwato ya yi yawon shagunan magani kafin ya samo.

Sati biyu da 'yan kwanaki na yi a gadon nan. A cikin ƙarin ruwa ake sa maganin, a yi kwanaki ana yi, a huta, a duba fitsari, a sake. Kwanakin farko na ji kamar ciwon ƙaruwa ya yi, har na ce wa Kulu ta mai da ni gida. Ta yi kamar ba ta ji ba. A rana ta shida cikina ya saki. Na ci tuwo da miyar kuka na siɗe kwano da hannun hagu, ɗanɗanon ƙusa ya tafi. Wata nas mai faɗa, wadda kullum sai ta kori 'yan dubiyata, ita ce ta ɗaure mini hannu da ɗan katako don kada ya sandare a lanƙwashe, ta koya wa Kulu yadda za ta riƙa motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ban tambayi sunanta ba, ina nadamar haka. Likita da ya ji labarin kindirmo ya ce a ci gaba da ba ni, da wake da ganye.

Tun ina kwance Bashiru ya je wurin Baba Ummaru, ya faɗa masa akwai dalma a jan garin. Dattijon bai yarda ba. Ya ce shekara arba'in yana ba da magani, yaron boko ba zai koya masa ba, kuma shi kansa yana shan garin saboda ciwon baya. Amma don darajar mahaifina ya yi alkawarin zai ɗaure buhun, ba zai sayar ba sai ya ji daga bakina.

Da aka sallame ni, ranar kasuwa ta farko na ce a kai ni Jega. Ba zan ɓoye ba, da niyyar tozarta shi na tafi. Na shirya maganganun da zan faɗa a gaban jama'a. Da muka isa rumfar, sai na tarar da mutumin da ban gane ba. Ya rame, fuskarsa ta yi fari, yana zaune ya dafe ciki. Ya miƙo mini hannu yana rawa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, yi haƙuri, ɗaga leɓenka in gani." Zanen nan na nan a dasashinsa, ya ma fi nawa duhu. Duk abin da na shirya ya zube.

Muka zaga bayan rumfa, mu uku. Bashiru ya shimfiɗa tsohuwar jarida, ya fito da farin farantin tangaran da 'yan kwalabe. Ya ɗebi jan garin da tsinke, bai fi ƙwayar gero biyu ba, ya zuba a kwalba. Ya ɗiga masa ruwan kal, wanda wasu ke kira binega, irin wanda mata ke sa wa abinci. Ya roƙi kofin ruwan zafi wurin mai shayi, ya tsoma kwalbar a ciki na ɗan lokaci, ya bari ya kwanta. A wata kwalbar ya yi haka da garin saiwar Baba wanda ba a haɗa da jan ba, a wata kuma da jar ƙasa da ya ɗebo a wurin. Ya ɗiga ruwan kowace a gefe guda na faranti. Sannan ya ɗauko ruwan wani farin gishiri da ya ce gishirin aidin ne, ya sa wa kowane ɗigo ɗaya.

Na saiwa bai canza ba. Na ƙasa bai canza ba. Na jan garin kuwa nan take ya koma ruwan ɗorawa, kamar an fasa ƙwai a farantin.

Baba Ummaru ya ce, "Sake. Ba ni in yi da hannuna."

Ya yi da kansa, ya ɗebo daga tsakiyar buhun. Abin da ya fito ɗazu shi ya sake fitowa. Ya daɗe yana kallon farantin. Sai ya ce wani fatake ne ya kawo masa, ya ce jan dutse ne na ƙasar nesa mai ƙara wa magani ƙarfi. Bashiru ya ce a ganinsa garin da ake haɗa jan fentin ƙarfe da shi ne, wanda ake shafa wa ƙofa don kada ta yi tsatsa.

Dattijon ya share ido da bakin rawaninsa. Ya ce, "Attahiru, ɗan aminina. Da hannuna nib ba ka."

Na ce, "Baba, da hannunka kash sha kai ma. Ba ka sani ba."

Can ya tambayi Bashiru, "Ni ji nikai ku da ruwan wuta kuka wanga aiki, mai cin tufa. Ashe da abin miya?"

Bashiru ya yi dariya. Ya ce littafinsu da ruwan mai ƙarfi ya koyar, da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shekararsa ta farko a makaranta haka ya yi, suka riƙa zubar da ragowar a kwata. Da damina ta zo sai ya ga ciyawa ta ƙone a bakin kwatar har zuwa gonar dawa da ke bayan katanga, awakin unguwa kuma a nan suke shan ruwa. Tun daga lokacin ya koma neman abu mafi sauƙi da zai yi aikin, ya kuma rage awo zuwa ɗigo. Ya ce, "Ba daidai ba ne mu zo neman guba ɗaya mu zuba wa ƙasa guda biyu." Ya kuma ja mana kunne cewa gwajin nan ba ya kama kowane ƙarfe, ba ya kama ɗan kaɗan. In ya nuna, akwai. In bai nuna ba, ba shaidar lafiya ba ce, sai an kai inda ke da na'ura.

Ko ɗigon da ke kan faranti bai yarda a wanke a ƙasa ba. Ya goge da auduga, ya cusa a kwalba, ya toshe.

Saura buhun. Baba ya ce a kai gulbi a juye. Bashiru ya ce gulbin nan shi ke ba fadamunmu ruwa, kifinsa muke ci. Ni na ce a ƙone. Ya ce dalma ba ta ƙonewa, sai ta bi hayaƙi mu shaƙa, tokar kuma kaji su tona. Abin da aka yi, aka samo garwa biyu, aka yayyafa wa garin ruwa don kada ya tashi, aka dama shi da siminti da yashi tare da audugar nan, aka cika garewanin aka bari suka daskare suka zama dutse. Aka haƙa rami mai zurfi a kan tudu mai tsakuwa, nesa da rijiya da gona, aka binne da sanin mai unguwa.

Baba Ummaru bai tsaya nan ba. Duk wanda ya tuna ya sayar wa, ya aika masa, har Karaye da ƙauyukan Maiyama, cewa a daina sha a dawo da ragowar. Ya san hakan zai taɓa sunansa a kasuwa, ya yi. Sannan ya yarda 'ya'yansa suka kai shi wurin likitan nan. Ya fi ni daɗewa a kwance saboda shekaru, amma ya tashi. Yanzu saiwa da ganyen da ya sani tun ƙuruciya kawai yake sayarwa. In baƙon abu ya zo masa, sai ya ƙulla kaɗan ya ba direban Maiyama ya kai wa yaron boko.

Ga wanda ya karanta wannan, ba cewa nake a bar maganin gida ba, ni ma da shi aka raine ni. Cewa nake, garin da ba ka san abin da ke ciki ba, mai launi mai ɗaukar ido da nauyi a hannu, ka yi hattara da shi. In bakinka ya fara ɗanɗanon ƙarfe, ciki ya ɗaure yana murɗa, kada ka jira hannu ya mutu. In likita ya tambaye ka me kake sha, ka faɗa masa, ko da a gaban matarka ne.

Hannuna ya ɗauki watanni. Kullum bayan sallar asuba Kulu ta zauna ta shafa masa man shanu, ta lanƙwasa yatsun ta miƙe. Babban yatsa ya fara motsi, sai manuni. Ƙananan biyun har yau ba su dawo duka ba. Gwaggo Ige kuwa har yanzu tana nan a kan cewa rubutunta ne ya karya abin, ni kuma ban taɓa musa mata ba.

Da lokacin dashe ya zo na sauka fadama. Ma'aikata suka ce in zauna a inuwa in riƙa ba da umarni. Na ƙi. Na ɗauki damin iri na tsugunna a fangalin ƙarshe. Kafin in gama layi ɗaya sun gama huɗu, layin nawa kuma ya karkace kamar hanyar tururuwa. Wani daga cikinsu ya zo zai tuge ya gyara. Na ce ya bar shi haka. Na buɗe masa ruwa da kaina, na zauna a kan kunya ina kallo har ya sha ya ƙoshi. Alhamdu lillahi.